Birkin keke: Abin da ya kamata mahayi ya sani kafin ya saya ko ya sauya

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗalibai da ma'aikata da dama sun koma hawan keke. Sai dai masu saye sun fi duba taya da giya, alhali a titin da ake gogayya da motoci da A Daidaita Sahu, birki ne ke tsare ran mahayi.

Birkin keke da aka fi amfani da shi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda robobinsa ke matse rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai. Yana da arha da sauƙin gyara, amma ƙarfinsa na raguwa idan rim ya jiƙe. Na biyu shi ne mai faifai, wanda ke kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafar keke, galibi mai faɗin milimita 140 ko 160. Ruwa da taɓo ba su cika rage masa kamu ba. A shekarar 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi a gasar kan titi.

Keken tsere mai siririyar taya yakan wadatu da ƙaramin birkin rim. Keken zirga-zirgar gari ya dace da samfurin V, mai dogayen hannuwa da ke ba faffaɗar taya wuri. Shi kuwa mai tafiya mai nisa da kaya, birkin faifai mai aiki da waya ya fi masa, domin wayar da ta tsinke ana iya sauya ta a kan hanya, saɓanin mai aiki da mai wanda ke buƙatar kayan aiki na musamman.

Kafin sauyi, a lura da abu biyu. Ba a ɗaura birkin faifai sai jikin keken da cibiyar ƙafarsa suna da mazauninsa. Haka kuma hannun birkin keken tsere ba ya jan waya gwargwadon yadda samfurin V ke buƙata, don haka haɗa su kan haifar da birki mara kamu.

Sau da yawa ba sai an sauya birkin gaba ɗaya ba. Sababbin robobi masu inganci da sabuwar waya, tare da goge rim daga ƙura da maiƙo, sukan dawo da kamun. A fara da birkin gaba, domin shi ne ya fi tsayar da keke.