Ma'aikacin jami'a da ƙaro karatu: wa ke biyan kuɗin?

Jami'a ita ce babbar makaranta, inda ɗalibi ke zuwa bayan ya samu bak. Ta farko a Nijar tana Yamai. An fara ta a 1971, kuma tun 1992 ake ce mata Jami'ar Abdu Mumuni. A 2010 aka kafa wasu uku: Maraɗi, Damagaram da Tawa. Tamu ta Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin Adar.

To, ba malamai da ɗalibai kaɗai ke cikin jami'a ba. Akwai masu gadi, direbobi, sakatarori, masu shara, masu dafa abinci da masu lura da ɗakin littattafai. Wataƙila ɗanku ko ƙanwarku na cikinsu. Kullum suna bakin rijiya. Shin suna iya shan ruwanta? Suna iyawa, amma da sharaɗi.

Taimako iri uku

Ma'aikacin da ke son ƙaro karatu yana fuskantar abu uku: kuɗin makaranta, lokaci, da abincin iyali. Shi ya sa taimakon ma iri uku ne.

Na ɗaya, a rage mashi kuɗin makaranta, ko a yafe mashi duka.

Na biyu, a ba shi lokaci. Yana aikinshi, amma a bar shi ya shiga aji wasu awoyi, ko ya tafi jarrabawa ba a yanke mashi komi ba.

Na uku, a sallame shi gaba ɗaya, shekara biyu ko uku, albashinshi na tafiya. Wanga shi ne mafi girma, shi ne kuma mafi wuyar samu.

A 1974 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fito da yarjejeniya mai lamba 140. Abin da ta ƙunsa shi ne ƙasashe su yi tsarin ba ma'aikaci hutun karatu tare da albashi. Kun ga ke nan ba roƙo ba ne, abu ne da duniya ta san da shi.

Yadda wasu ke yi

A Amurka kuɗin jami'a na da tsada ƙwarai. Saboda haka jami'o'i da yawa kan yafe ma ma'aikatansu kuɗin wasu darussa, wani lokaci har da ƴaƴansu. Akwai masu karɓar ƙaramin aiki a jami'a don wannan kawai. Tun 1986 dokarsu ta yarda mai gidan aiki ya biya ma ma'aikaci kuɗin karatu har dala 5,250 a shekara, ba a cire haraji a kai ba. Ku lura, dalar Amurka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

A maƙwabtanmu Najeriya akwai wani asusu mai suna TETFund. Asalinshi dokar 1993 ce, wadda ta sa kamfanoni su ba da kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilimi. A 2011 aka mayar da shi na manyan makarantun gwamnati kaɗai. Da kuɗin wanga asusu jami'o'i irin ta Usman Ɗan Fodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya ke aika malamansu su yo digiri na biyu da na uku. Amma kafin malami ya tafi, sai ya sa hannu a takardar alkawari: in ya gama zai dawo ya yi aiki wasu shekaru. In ya gudu, a bi shi bashin kuɗin.

Mu nan Nijar fa?

A nan ma'aikatan gwamnati hawa-hawa suke: D, C, B, har zuwa A. Kowane hawa da takardar shaidar karatunshi, da albashinshi. Wanda ke son hawa sama, bayan ya yi wasu shekaru yana aiki, sai ya yi konkur na ma'aikata. In ya ci, gwamnati ta ba shi takardar tafiya sitaj, wato karatun ƙaro sani. Ya tafi jami'a, ko makarantar horon ma'aikatan mulki ta ENA da aka buɗe a Yamai a 1963. Aikinshi na nan yana jiran shi, albashi bai tsaya ba. In ya dawo da diflom, a sake mashi matsayi.

Ita kuma jami'a tana da dokar ma'aikatanta: ta malamai daban, ta sauran ma'aikata daban. Ofishin kula da ma'aikata ke riƙe da ita. Can ne mutum zai je ya ce a nuna mashi abin da aka rubuta kan ƙaro karatu. Ƙungiyar ƙwadago ma ta san waɗannan dokoki.

Mi ya sa ake biyan wanga kuɗi?

Wani zai ce: ina ribar mai gidan aiki, ya biya albashin mutumin da ba ya nan? Mu mutanen Buza mun san amsar. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a fadamar Maggiya don tare iska. Da farko wahala ce: ban ruwa, tsaro, hana dabbobi shiga. Sai da aka yi shekaru kafin gonaki su ga amfani, aka kuma samu itace. Haka karatun ma'aikaci yake. Sakatare da ya koyi kwamfuta, mai lissafi da ya ƙaro sani, jami'a ce ke fara cin moriyarsu. Kuma wanda aka taimaka ma bai cika barin aiki ba.

A yi hattara

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Ku gaya ma naku da ke aiki:

1. Kada ya tafi karatu da izinin baki. "Je ka, ba komi" ba takarda ba ce. Shugaba na iya canzawa, sabon ya ce an gudu daga aiki.

2. Ya tabbata gwamnati ta san da makarantar da diflom ɗinta. In ba haka ba, ya dawo da takardar da ba ta ƙara mashi ko dala.

3. Ya zaɓi karatun da ya shafi aikinshi. Shi aka fi saurin yarda da shi.

4. Ya karanta takardar alkawari tun daga sama har ƙasa kafin ya sa hannu: shekara nawa zai yi bayan ya dawo, mi zai faru in ya faɗi jarrabawa.

5. Ya shawarci iyali. Lisans shekara uku ce, masta biyu. Uwargida da yara su ma za su ɗauki nauyin.

Mu kuma ina namu rabo?

Ku duba da kyau: duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su. Neman izini a rubuce, alkawari a rubuce, doka a rubuce. Wanda bai iya karatu ba, ko haƙƙinshi na gabanshi, sai an karanta mashi, kuma sai abin da aka ga dama aka gaya mashi.

Ku da ke dawowa daga gona, daga lambun albasa ko daga kasuwar Madawa ku zauna ajin yaƙi da jahilci, aiki da karatu kuke haɗawa, kamar wancan ma'aikacin jami'a. Tsani guda ne, kuna matakin farko. Ku riƙe shi da kyau, ku kuma tura yara lakol, maza da mata.

Tambayoyi

1. Faɗi taimako iri uku da ake ba ma'aikaci mai ƙaro karatu.
2. Don mi ake sa hannu a takardar alkawari?
3. Mine ne haɗarin tafiya karatu da izinin baki?
4. Ku tattauna: ta yaya ƙungiyarku ta gari za ta taimaki ɗaya daga cikinku ya ƙaro sani?