Abin da ya sa wufa ke ruri a lungu, ta yi shiru a kan kujera

Mutum zai kashe kuɗi masu yawa a kan kayan sinimar gida, ya kunna fim, tagogi na girgiza har maƙwabta na ƙorafi, amma a kujerar da yake zaune amo mai kauri ya ɓace. Da yawa kan ɗora wa wufa laifi su sayo wata, alhali matsalar daga ɗakin take.

Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya daki bango ya dawo, yakan haɗu da wanda ke tafe, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. A falo mai tsawon mita 5, hakan na faruwa a wajen Hz 34: amon ya yi ƙarfi a jikin bango, ya dushe a tsakiyar ɗaki. Ginin bulo da tayil, irin na yawancin gidajen Abuja, ya fi mayar da wannan amo, kuma labule da kafet ba sa iya shanye shi.

Matakin farko ba ya cin ko sisi. A ɗora wufar a inda ake zama, a kunna kiɗa mai kauri, a zagaya gefen bango ana saurare daga ƙasa. Inda amon ya fito daidai, nan ne mazauninta. A kuma janye kujera daga tsakiyar ɗaki, kada a manna ta da bango.

Daga nan sai awo. Na'urorin Denon da Marantz na zuwa da Audyssey, na Yamaha da YPAO, kowace da makirufonta. Akwai kuma manhajar REW ta kyauta, mai zana inda amo ya yi tudu da inda ya yi rami. Galibi akan bar wa wufa abin da ke ƙasa da Hz 80.

Ƙa'idar gyaran ita ce a rage tudu, a ƙyale rami. Ƙarin desibel 3 kaɗai na ninka wutar da na'urar ke buƙata, kuma ramin ba zai cika ba, domin amon da ke dawowa shi ma ƙaruwa yake yi. Mai dagewa na iya ƙona sifikarsa. Idan ramin ya ƙi tafiya, maganinsa sauya wuri ko ƙara wufa ta biyu a wani ɓangaren ɗakin.