Wane Littafi Ne Na Farko? Jerin Karatun Jami'a da Manhajar Laburare

Ɗalibin da ya taso daga Araba, a bakin iyakar Illela da Birnin Konni, ya samu gurbi a Sakkwato ko Zariya ko Kano, abin da zai fara karɓa daga hannun malami shi ne takardar jerin littattafan kwas. A yawancin jami'o'inmu jerin kan kai littafi ashirin ko fiye, an tsara su bisa harafin farko na sunan marubuci. Ba a ce wannan ne ginshiƙi ba, ba a ce wancan ƙari ne ba. Yaro ga kwasa-kwasai jibge, ga kuɗin da bai wuce na abinci da fotokwafi ba. Sai ya ninke takardar ya sa aljihu, ya shiga neman handawut.

Karatun zaure bai san wannan ruɗani ba. Mai neman fiƙihu da Ahalari yake farawa, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, kafin a bar shi ya taɓa Muhtasar. Malami ne ke cewa ga na yanzu, ga na gaba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda babban laburaren Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke ɗauke da sunansa, ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya zayyana malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Fifita wani littafi a kan wani tsohuwar sana'a ce a ƙasar Sakkwato.

Abin da manhajojin laburare ke ƙoƙarin dawo da shi ke nan. A Ingila jami'o'i da dama na amfani da Talis Aspire ko Leganto, inda malami ke shigar da jerinsa a kwamfuta, ya liƙa wa kowane littafi matsayi: wajibi, ko wanda ake so a duba, ko na mai neman faɗaɗawa. Ɗalibi na buɗe wayarsa zai ga na wajibi, ya ga kwafi nawa ke kan kanta, ko ya latsa ya shiga babin kai tsaye in akwai shi a intanet. A nan gida kuwa Koha ce ta fi yaɗuwa, manhajar da aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a ƙarshen 1999, wadda ba a biyan kuɗin lasisinta. Tana da sashen ware littattafan kwas, ta yadda za a taƙaita aron littafin da ake rububi zuwa 'yan sa'o'i ko kwana guda. Sai dai ba ta tilasta wa malami ya bayyana wanda ya fi wani.

Amfanin matsayin nan ya fi fitowa a wajen sayayya. Ma'aikacin laburare ba masanin kowane fanni ba ne, kuma kuɗin da ke hannunsa, galibi na asusun TETFund, ƙididdigagge ne. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada ƙwarai. A ce aji na da ɗalibai 300, jerin kuma littafi 25. In ba matsayi, sai a sayi kwafi bibbiyu na kowanne, kwafi 50 ke nan, mutum 300 su yi ta kokawa a kan biyun da za a yi jarrabawa daga cikinsu, sauran ƙura ta rufe su. In malami ya ce uku ne wajibi, da kuɗin nan za a samu kwafi goma sha biyar-biyar na ukun, har da canji.

Amma manhaja ba ta da hukunci, abin da aka zuba mata take nunawa. Wani malamin zai sa wa duka jerin alamar wajibi don kada a ce kwas ɗinsa ba nauyi, wani kuma littafin da ya wallafa da kansa ne zai hau sama. A ganina sashe ne ya kamata ya sa iyaka: kada na wajibi su wuce uku ko huɗu, kuma a faɗi babi, ba littafi sukutum ba.

Ga ɗan Araba akwai ƙarin dalili. In aka yi hutu ko yajin aiki, irin na wata takwas da aka yi a 2022, gida zai koma, nesa da laburare, kuma kowace megabait da kuɗinta. Ba zai sauke littafi 25 a waya ba, amma babi shida zai iya, tun kafin ya hau motar Illela. Don haka in an tashi zaɓen na wajibi, ya kamata a tambayi laburare ko akwai kwafin intanet da doka ta yarda a sauke, kuma a miƙa jerin tun kafin a rufe kasafin sayayya na shekara, ba ranar da aka fara lacca ba.