Samfuri da Ƙirarren Abu a Rubutun Manhajar Kwamfuta

Ɗaya daga cikin batutuwan da kan rikita masu koyon rubuta manhaja shi ne bambancin da ke tsakanin samfuri da abin da aka ƙera daga gare shi. Wannan salon tsara manhaja ya samo asali ne daga harshen Simula, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da shi a ƙasar Norway, musamman zubinsa na 1967. A kansa aka gina harsuna irin su Java na 1995.

Domin bayyana wa ɗalibi Bahaushe wannan batu, tsarin sarautar Daura ya wadatar da malami da misali. Hakimci sarauta ce mai sanannun ayyuka, kamar sasanta rikicin gona da isar da saƙon Sarki ga dagatai. Amma hakimci da kansa bai taɓa sasanta kowa ba. Sai Sarki ya naɗa wani, ya ba shi gunduma, a Zango ko Baure ko Mai'aduwa, sannan a sami wanda za a kai wa ƙara. Samfuri shi ne hakimcin, wanda aka naɗa shi ne ƙirarren abu. Sarautar ɗaya ce, hakimai da yawa, kowa da ƙasarsa da talakawansa. Saboda haka umarnin "ƙirga dagatanka" ba ya da amsa sai an san wane hakimi ake nufi.

Haka lamarin yake a cikin kwamfuta. A Java, kalmar new ita ce naɗin: tana keɓe wa abin gurbi a ma'ajiyar na'ura, inda za a zuba bayanan da ayyukansa za su taɓa. Idan marubuci ya ambaci suna kawai bai yi naɗin ba, sunan kan tsaya ba ya nuna komai, kamar kujerar da mai ita ya rasu. Da zarar an kira aiki a kansa, manhajar kan tsaya da kuskuren da ake kira NullPointerException. Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan sunan wofi a 1965, ya kira shi a 2009 kuskuren da ya ci dala biliyan ɗaya.

Akwai togaciya. Wasu ayyuka na samfurin ne kansa, ana kuma kiransu ba tare da naɗi ba, kamar tambayar yawan hakiman masarauta. Ya fi dacewa malami ya jinkirta wannan har ɗalibai su ƙware a kan na farko, domin haɗa su a darasi ɗaya yakan dagula fahimta.