Asalin kalmar 'duty-free' da dangantakarta da 'yanci

Tun shekarar 2000 da aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, cikin masarautar Gumel ta jihar Jigawa, 'yan kasuwar kan iyakar Najeriya da Nijar ke cin karo da kalmar Turanci ta duty-free.

Wasu dai na ɗauka ma'anarta ita ce kyauta, ko kuma shigo da kaya ba ruwan kowa. To amma tarihin kalmar ya nuna ba haka abin yake ba.

Siffa ce da aka harhaɗa daga kalmomi biyu masu asali daban-daban.

Ta farko, wato duty, ta shiga Turanci ne ta hanyar Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin bashin da ake bin mutum, daga nan ta zama sunan kuɗin fito.

Ita kuwa free gadon gida ce. Ƙabilun da suka ƙaura zuwa Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmark a ƙarni na 5 su suka zo da ita. Har yau Jamusawa na cewa frei, mutanen Holland kuma vrij.

Masana harshe sun ce tushenta na nufin abin ƙauna, kuma daga shi ne aka samu friend, wato aboki. A ganinsu, mutanen gida da ake ƙauna su ne waɗanda ba bayi ba, shi ya sa kalmar ta koma nufin mai 'yanci.

Abin sha'awa, Hausa ma ta bi irin wannan hanya. Ɗa shi ne wanda aka haifa, shi ne kuma kishiyar bawa. Daga nan aka samu 'yanci, ko ɗiyauci a bakin Sakkwatawa.

Ke nan duty-free na nufin kayan da aka 'yanta daga kuɗin fito, ba kayan banza ba. A filin jirgin sama na Shannon da ke ƙasar Ireland aka buɗe kantin farko irin wannan a 1947.

Sai dai 'yancin yana da iyaka. A dokar Najeriya, duk kayan waje da aka fitar daga irin wannan yanki zuwa kasuwannin Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar, sai an biya musu kuɗin kwastan.