Gwanayen Busa Saksofon Sofarano a Kiɗan Jaz

Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa ya san muryoyin nan huɗu, wato sofarano, alto, tena da bes. To, haka ma abin busan nan da ake kira saksofon yake da nasa iyalin. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙago shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Paris cikin shekarar 1846. Wanda muka fi gani a hannun 'yan badujala shi ne alto ko tena, mai lanƙwasasshen wuya da buɗaɗɗen baki kamar lofe. Sofarano ƙanensu ne. Yawanci a miƙe yake samɓal, in ka hango shi daga nesa sai ka ce algaita ce ta tagulla. Muryarsa ta fi ta tena tashi da zango guda cif, wato daga "do" na ƙasa zuwa "do" na sama.

Amma fa ƙanen nan akwai taurin kai. Bakinsa ƙarami ne, ɗan harshen karan da ke kaɗawa ya ba da sauti kuma siriri ne ƙwarai. Da mabushi ya ɗan matse leɓe ko ya ɗan sassauta, sai murya ta kauce. Saboda haka mabusa da yawa sun saye shi, sun gwada, sun mayar da shi cikin akwati. Mutane huɗu ne za mu duba a nan, waɗanda suka ƙi ajiye shi har ya yi musu biyayya.

Sidney Bechet, 1897 zuwa 1959

An haifi Bechet a New Orleans ta ƙasar Amurka, garin da ake ɗauka shi ne mahaifar kiɗan jaz. Tun yana yaro ya gwanance da busa kilarinet. A ƙungiyoyin garinsu, mai turamfet ne ke jan waƙa, mai kilarinet kuwa aikinsa ya riƙa yi mata ado daga gefe. Bechet bai iya zaman gefe ba. A 1919 ya bi ƙungiyar Will Marion Cook zuwa Landan, a can ne kuma ya tsinci sofarano a wani kanti ya saya. Ya sami abin da yake nema, domin ƙarar sofarano tana iya karawa da ta turamfet. Faya-fayan da ya yi tare da Louis Armstrong a 1924 da 1925 sun nuna haka sarai: zakaru biyu ne a akurki ɗaya, kowa na neman ya fi cara.

Alamar busar Bechet ita ce karkarwar murya mai faɗi, kamar ta tsohuwar da ke rera waƙa da dukan zuciyarta. Ya sha wuya a zamanin karayar tattalin arzikin Amurka, har ya buɗe shagon gyara da gugar tufafi a unguwar Harlem tare da abokinsa Tommy Ladnier. Daga bisani ya farfaɗo. Busar da ya yi wa waƙar "Summertime" a 1939 ta karɓu sosai. Wajen 1950 ya koma Faransa da zama, inda aka ɗauke shi tamkar sarki, a can kuma ya tsara "Petite Fleur", wato ƙaramar fure, a 1952. Ya rasu kusa da Paris ran 14 ga Mayu 1959, ranar da ya cika shekara 62 daidai.

Ƙarfin Bechet ya so ya zama wa sofarano matsala. Duk wanda ya ɗauka sai a ce yana kwaikwayonsa ne. Ko Johnny Hodges na ƙungiyar Duke Ellington, wanda Bechet ɗin ya koya wa da kansa, ya ajiye shi wajen 1940 ya riƙe alto kaɗai.

Steve Lacy, 1934 zuwa 2004

Lacy ɗan New York ne. Faifan Bechet ya ji yana saurayi, ya ƙudura cewa wannan ne abin busarsa. Abin da ya bambanta shi da kowa shi ne ya bar sauran kayan busa ya riƙe sofarano shi kaɗai har ƙarshen ransa, kimanin shekara hamsin. Ya fara da tsohon salon New Orleans, sa'an nan ya haɗu da Cecil Taylor, mai fiyano da ke neman sababbin hanyoyi. Ya cire karkarwar nan ta Bechet gaba ɗaya, ya mai da muryarsa tsaf, kowane sauti a bayyane kamar rubutun ɗalibi mai kyan hannu. Ya duƙufa kan waƙoƙin Thelonious Monk, masu tsalle-tsalle da wuyar bi. A 1958 ya ɗauki faifai mai suna "Reflections" wanda duk waƙoƙin Monk ne, a 1960 kuma Monk ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa na 'yan watanni. Ya zauna a Paris daga 1970 zuwa 2002, yakan kuma hau dandali shi kaɗai, ba ganga ba fiyano, ya riƙe jama'a da busa zalla.

John Coltrane, 1926 zuwa 1967

Coltrane ya tashi a jihar North Carolina, kakanninsa maza biyu kuwa duk fastoci ne, don haka da waƙoƙin majami'a ya buɗe kunne. Ya riga ya yi suna da tena kafin ya ɗauki sofarano. A watan Oktoba 1960 ya ɗauki faifan "My Favorite Things", aka fitar da shi a 1961. Asalinta 'yar waƙa ce mai sauƙi daga wasan kwaikwayon "The Sound of Music". Coltrane ya shimfiɗa ta har kusan minti 14. McCoy Tyner yana ta maimaita 'yan sautuka kaɗan a fiyano, Elvin Jones yana zuba kiɗa a ganguna, shi kuwa yana ta kewaya waƙar, ya tafi nesa ya komo, ya sake tafiya. Ya saurari kiɗan Indiya da na Afirka da kyau, shi ya sa busarsa takan tuna wa mai sauraro algaita a ƙofar fada. Abokinsa ne Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Nijeriya, har ya sa wa wata waƙarsa suna "Tunji". A cibiyar al'adun Afirka ta Olatunji da ke Harlem ya yi wasa ran 23 ga Afrilu 1967, wata uku kafin rasuwarsa yana da shekara 40. Bayan faifan nan na 1961, da wuya ka sami mai busa tena da bai nemi sofarano ya ajiye kusa ba.

Wayne Shorter, 1933 zuwa 2023

Inda Coltrane yake kwararo sauti kamar ruwan Agusta, Shorter tsakura yake yi. Ya koma ga sofarano a ƙarshen 1968 lokacin yana tare da Miles Davis, domin Davis ya fara shigo da kayan kiɗa masu amfani da lantarki, siririyar muryar sofarano kuwa ta fi iya ratsa ƙararsu. Ana jin haka a faifan "In a Silent Way" na 1969. A 1970 shi da Joe Zawinul suka kafa ƙungiyar Weather Report, wadda ta kai har 1986. Shorter yakan busa sauti uku ko huɗu, ya yi shiru, ya bar mai sauraro yana jira. Ya nuna cewa sanin inda za a yi shiru shi ma gwaninta ne.

Akwai wasu da suka cancanci ambato. Dave Liebman da Branford Marsalis sun bi sawun Coltrane da Shorter, kowa da nasa ƙarin. Jane Ira Bloom, wadda aka haifa a 1955, ta keɓe kanta ga sofarano kamar Lacy, ta tabbatar cewa wannan fage ba na maza kaɗai ba ne. Kenny G kuwa ya fi dukansu sayar da faya-fayai tun daga "Songbird" ta 1986, amma masanan jaz da yawa suna ganin kiɗansa na shaƙatawa ne, ba su sa shi a wannan sahu.

To, wa ya fi?

Tambayar ke nan da takan ta da gardama. Idan farin jini ne ma'auni, Coltrane ne ya kai sofarano kunnen duniya. Idan naci ne, babu kamar Lacy. A namu ganin, Bechet ne za a ba kujerar gaba, domin shi ya fara nuna cewa abin nan yana iya jan waƙa, ya kuma riƙe shi kusan shi kaɗai na shekaru masu yawa da sauran mabusa suka juya masa baya. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, bututu iri ɗaya ne a hannun mutum huɗun nan, duk da haka in ka rufe ido, kafin a busa sauti biyar ka gane wane ne. Lacy ya ƙaunaci Bechet, bai kuwa zama Bechet na biyu ba. Shorter aminin Coltrane ne, amma bai ari bakinsa ba.

Muna ba ɗalibai shawara, musamman 'yan ƙungiyar mawaƙa da masu koyon busa, su nemi "Petite Fleur" da "My Favorite Things" su saurare su a jere, sa'an nan su ƙara da Lacy da Shorter. Bayan haka kowa ya yanke nasa hukuncin. Wanda kuma abin busarsa ke ba shi wuya a bana, ya tuna Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.