Akwatin Wasa Ƙirar Gida: Wace Manhaja Ta Dace Da Zaurensa?

Duk wanda ya tashi a Gyallesu ko wata unguwa ta Tudun Wadan Zariya ya san gidan gem, watau ɗan shagon nan mai benci da talabijin inda yara ke biyan kuɗi su yi wasa, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. An yi yayin Sega, sa'an nan PlayStation ta zo ta ture ta. Amma tun kafin waɗannan, a ƙasashen Japan da Amurka, a tsaye ake yin wasan, gaban wani dogon akwati mai tsayin mutum, mai allo a sama da sandar tuƙi da maɓallai a tsakiya, da kafar jefa kwabo a ƙasa. A cikin irinsa ne kamfanin Taito ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya fito da Pac-Man a 1980, Capcom kuma ya kawo Street Fighter II a 1991.

Yawancin akwatuna a wancan zamani wasa ɗaya suka iya. Abin ya canza ne a watan Fabrairu na 1997, lokacin da wani mutumin Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fitar da MAME, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injin cikin waɗancan akwatuna. Yau dubban wasanni na iya zama cikin akwati guda, kuma haɗa shi bai fi ƙarfin saurayi mai ƙwazo ba. Kafintan unguwa zai yanka masa katako, a samo tsohuwar kwamfuta ta hannu a shagunan PZ ko Sabon Gari, a sayi sanda da maɓallai. Wanda ke son Street Fighter II sai ya tanadi maɓalli shida ga kowane ɗan wasa.

Bayan an gama wannan duka ne ake isowa inda gizo ke saƙa. MAME da 'yan'uwanta aikinsu tafiyar da wasa ne, ba su damu da tarbar baƙo ba. Akwatin kuwa ba shi da allon buga rubutu, ba shi da linzami. Saboda haka dole a sa wata manhaja ta biyu wadda za ta bayyana da zarar an kunna, ta jera wasannin da hotunansu, mutum ya zaɓa da sanda, in ya gama ta maido shi inda ya fito. Matsayinta ɗaya da na zaure a gidan Bahaushe: nan baƙo ke yin sallama, kuma nan ne iyakarsa in maigida bai ce ya shigo ba.

Masu son ƙawa sun daɗe suna yabon HyperSpin, wadda ke juya sunayen wasanni kamar ƙafar keke, kowanne da hotonsa mai motsi da kiɗansa. Ba shakka tana ɗaukar ido. Sai dai a kan Windows take aiki, tana neman kwamfuta mai ɗan ƙarfi, shirya ta kuma aikin makonni ne ga sabon hannu, domin sunan kowane wasa sai ya yi daidai da na hotonsa harafi da harafi. LaunchBox ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba, amma sashenta da ya dace da akwati, watau Big Box, na kuɗi ne, kuma da dala ake biya. Akwai Attract-Mode, kyauta ce, marar nauyi, tsohuwar kwamfuta ma ta ishe ta. Ta samo sunanta daga al'adar akwatunan dā na yin wasa su kaɗai don jawo hankalin masu wucewa. Ita kuma tana son mai haƙurin gyara rubutun shiri da hannunsa.

Amma wanda ke zaune a Gyallesu yana da wani ma'auni da ya sha gaban ƙawa, shi ne wutar lantarki. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, ba a saba yi wa kowa sallama kafin a ɗauke ba. Kwamfutar da aka katse wa wuta tana tsakar rubutu a ma'ajiyarta tana iya ƙin tashi gobe, aikin wata guda ya bi ruwa. A nan ne Batocera ta yi zarra. Ta ɓalle ne daga Recalbox ta Faransa a 2016, kuma ba ta bukatar Windows sam, a kan filas ake ɗora ta, kwamfuta ta tashi kai tsaye zuwa jerin wasanni. An rufe ainihin jikinta yadda ba a rubutu a kansa yayin aiki, wasanni da ajiyar maki kuwa suna wani sashe dabam. Ɗaukewar wuta na iya taɓa wannan sashe na biyu, amma da wuya ta kashe gidan gaba ɗaya.

Zauren da Batocera ke amfani da shi shi ne EmulationStation, wanda kuma shi ne na Recalbox da RetroPie. RetroPie an yi ta ne domin Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila mai girman tafin hannu da ta fito a 2012. Wutar da take ci ba ta wuce ta cajar waya mai ƙarfi ba, don haka ƙaramin batiri ko sola ya riƙe ta, abin da tsohuwar kwamfutar tebur ba za ta yarda da shi ba. Rauninta shi ne katin memori, wanda yawan yankewar wuta ke lalatawa. Mai hankali yakan yi kwafin katin ya ajiye a aljihun tebur tun ranar da ya gama shiri.

Sai batun hannun yara, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ɗan shekara bakwai zai danna kowane maɓalli, har biyu-biyu, kuma in akwai hanyar shiga ɗakin gyare-gyare sai ya gano ta kafin la'asar. EmulationStation na da tsarin da ke kulle wannan ɗaki, tana kuma da wani na yara wanda ba ya nuna kome sai wasannin da maigida ya yi wa alama. Da shi ne uba zai ɓoye irin su Mortal Kombat na 1992, wanda zubar da jinin cikinsa ya kai har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kansa a 1993. Haka nan jerin wasa dubu biyar ba alheri ba ne. Yara sai su ɓata rabin lokacinsu suna gungurawa. Arba'in zaɓaɓɓu sun wadatar.

Hotuna da gajerun bidiyon da ke ƙawata jerin daga intanet ake jawo su, bidiyon kuwa cin data gare shi kamar gara. Gara a jawo hotuna kaɗai, sau ɗaya, a adana. Wani tarkon kuma da ke sa sababbin hannu zargin zaure a banza shi ne rashin jituwa tsakanin wasa da MAME: kowane zubi na MAME da irin kwafin wasannin da yake karɓa, ƙananan na'urori kuwa sau da yawa da tsohon zubi na 2003 suke aiki. In an zaɓi wasa allo ya yi baƙi ya dawo, yawanci laifin daga nan yake.

Wanda ke nufin ajiye akwatin a shago yana karɓar kuɗi, to, ya san cewa wasannin nan da masu su. Capcom da kamfanin da ya gaji Namco suna nan da ransu, kuma Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Tsofaffin zubin MAME ma, kafin a sake masa lasisi a 2016, an hana yin kasuwanci da su.

Kafin kafinta ya buga ƙusar ƙarshe a bayan akwatin, akwai jarrabawar da ta kamata a yi wa kowace manhaja. A ɗora ta, a ajiye allon rubutu can nesa, a kira ƙaramin yaron gida a ga ko zai iya shiga wasa ya fita da sanda kaɗai. Sa'an nan, bayan an tabbata kwafin nan yana aljihun tebur, a zare filogi daga bango ana tsakiyar wasa, a ƙirga goma, a mayar.